Yadda Ake Addu'ar Shiru: Daga Hamadar Masar Zuwa Ɗakinka

Yawancinmu mun tashi mun san addu'a magana ce. Ka gode wa Allah, ka furta zunubanka, ka kai kukanka, ka roƙa wa 'yan'uwa, ka ce amin ka miƙe. Daidai ne, kuma babu girman da mutum zai yi ya wuce wannan. Sai dai wanda ya daɗe a kan hanya yakan iso wata gaɓa da zai tarar baki na motsi, zuciya kuwa ta tafi yawonta. Wani kuma sai ya ga ya faɗi duk abin da ke ransa, amma bai ji yana son tashi ba. A nan wata irin addu'a take somawa, wadda Kiristocin dā suka san ta sarai: zama shiru a gaban Allah, ba roƙo, ba dogon nazari, sai miƙa kai.

Tushenta yana cikin Littafi Mai Tsarki. Markus 1:35 ya ce Yesu ya tashi da asussuba, tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. A Matiyu 6:6 ya ce ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa. Antoniyus na Masar, wanda aka haifa wajen shekara ta 251 ya rasu a 356, ya rabar da gadonsa ya shige hamada, kuma a cikin ƙarni na 4 dubban mutane suka bi sahunsa, suka zauna a Nitiriya da Keliya da Sikitis. Sikitis ɗin nan ita ce Wadi Natrun ta yau, inda har gobe akwai gidajen 'yan zuhudu na Kibɗawa. Daga can wani ɗan zuhudu mai suna Yohanna Kasiyan ya ɗauko abin da ya koya ya kai kudancin Faransa, daga baya irin wannan addu'a ta bunƙasa a Dutsen Atos na Girka, da Ingila, da Sifen. Matakan da ke biye daga hannun waɗannan mutane suka fito, an dai daidaita su ga mai aiki da iyali.

Da farko, ka san abin da ka fito nema

Akwai wani labari da dattawan hamada suka bari. Abokai uku suka raba hanya: ɗaya ya ce zai riƙa sasanta masu faɗa, ɗaya ya ce zai yi jinyar marasa lafiya, na ukun ya shiga kaɗaici. Bayan an kwana biyu, na fari da na biyu suka gaji tilis, suka je wurin na ukun suka kai ƙorafi. Bai ce masu komai ba, ya zuba ruwa a ƙwarya ya ce su duba. Ruwan ya gurɓace, ba su ga komai ba. Da aka jima ya ce su sake dubawa. Laka ta kwanta, kowa ya ga fuskarsa.

Abin da addu'ar shiru take yi wa hankali ke nan. A zaman yau da kullum, tunani yakan zo ya kama mutum ya tafi da shi ba tare da ya sani ba. Fushi ya taso, shi ke nan ka zama fushin. Tsoro ya zo, ka zama tsoron. Wanda ya jure zaman shiru sannu a hankali yakan fara ganin tunani yana tahowa, kamar yadda mai zaune a zaure yake ganin baƙo tun daga nesa, ya zaɓi ya buɗe masa ko ya bar shi ya wuce. Manzo Bulus ya kira shi sabuntawar hankali a Romawa 12:2. Malaman wannan hanya sun kasa tafiyar gida uku: tsarkakewa, haskakawa, sai haɗuwa da Allah cikin ƙauna. Kada jerin ya ruɗe ka ka ɗauka aji-aji ne kamar makaranta. Mutum yakan koma na farko sau da yawa, ko bayan shekara talatin.

Ka kuma riƙe wannan tun yanzu: zama da sa ido naka ne, amma abin da suke kira ganin Allah a zuci kyauta ce. Babu dabarar da take tilasta shi. Duk wanda ya ce zai koya maka wata hanya da za ka ga haske cikin kwana bakwai, ka kama gabanka.

Mataki na ɗaya: yanke lokaci da wuri

Ka zaɓi lokaci ɗaya ka tsaya a kansa. Ga yawancin mutane, sassafe ya fi, kafin a taɓa waya. Da zarar ka buɗe saƙonni, ka riga ka motsa ruwan ƙwaryar. In safiya ba za ta yiwu ba, to da yamma kafin cin abinci, domin cikakken ciki abokin gyangyaɗi ne.

Ka fara da minti goma. Thomas Keating da abokansa William Meninger da Basil Pennington, 'yan zuhudun da suka farfaɗo da wannan addu'a a gidansu na Spencer da ke jihar Massachusetts ta Amurka a shekarun 1970, sun ba da shawarar minti ashirin sau biyu a rana. Shawara ce mai kyau, amma wurin zuwa ce. Na ga mutane da dama sun fara da awa guda cikin zumuɗi, kafin mako ya zagayo sun watsar. Minti goma kullum har wata guda ya fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai. In ya zauna, ka ƙara biyar, daga baya ka sake ƙara biyar.

Wuri kuwa ba sai ya yi shiru tsit ba, domin irin wannan wurin da wuya a same shi. Kusurwar ɗaki ta isa, muddin ita ce kullum. Ka sa agogo mai ƙara a hankali don kada ka riƙa leƙen lokaci, ka kife wayar nesa da hannunka. Ka gaya wa mutanen gida cewa minti goman nan ba ka nan, sai in gobara ce.

Mataki na biyu: zama

Kujera ko ƙasa, duk ɗaya. Baya a miƙe amma ba a sanƙare ba, tafin ƙafa a ƙasa in kan kujera kake, hannuwa a kan cinya. Kada ka kwanta. Ka lumshe ido, ko ka sauke shi kan wuri ɗaya. Ka sassauta muƙamuƙi da kafaɗu, nan ne yawancinmu muke ɓoye gajiya. Ka ja numfashi sau biyu ko uku a natse, sannan ka bar shi ya yi tafiyarsa. Ka buɗe da gajeriyar addu'a, ko da jimla ɗaya ce: ga ni, ya Ubangiji.

Mataki na uku: shiga ta ƙofar Nassi

Mai farawa bai kamata ya faɗa cikin shiru kai tsaye ba, kamar wanda aka jefa kogi bai iya iyo ba. Tsohuwar ƙofa ita ce karatun da ake kira lectio divina da Latinanci, wato karatu mai tsarki. Wani shugaban 'yan zuhudu a Faransa mai suna Gigo na Biyu, a ƙarni na 12, ya tsara shi hawa huɗu, ya kwatanta shi da cin abinci: karatu shi ne sa loma a baki, bimbini shi ne tauna, addu'a ita ce jin ɗanɗano, natsuwa kuwa ita ce daɗin da ke ratsa jiki ya ƙosar.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗauki ɗan gajeren wuri, aya biyar zuwa takwas, daga Zabura ko Bishara. A ce ka ɗauki labarin Marta da Maryamu a Luka 10:38-42. Ka karanta shi a hankali, da murya ƙasa-ƙasa yadda kunnenka zai ji. Mutanen dā da baki suke karatu, kuma akwai hikima a ciki, ido yana tsallake kalma, harshe ba ya iyawa. Ka sake karantawa. A karo na biyu ko na uku wata kalma za ta ɗan riƙe ka. Wataƙila inda Yesu ya kira sunanta sau biyu, Marta, Marta. Wataƙila inda ya ce abu ɗaya ne ake bukata. Ka tsaya nan. Kada ka ci gaba don ka ƙarasa babi, ba gasar sauka ake yi ba.

Ka juya kalmar a zuciyarka. Me ya sa ita ta tsaya maka yau? Wane ɗawainiya ce ta cika maka kai har ka fara jin haushin wanda ke zaune? Abin da ya taso, ka faɗa wa Allah shi yadda yake, ko da ƙorafi ne irin na Marta. Daga nan, in maganar ta ƙare, kada ka nemo wata. Ka zauna.

Wani gargaɗi ga masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi, domin su wannan tarko ya fi kamawa: da zarar aya ta buɗe, sai zuciya ta fara tsara yadda za a koyar da ita, batu na ɗaya, batu na biyu. In ka kama kanka kana haka, ka riga ka fita daga ɗakin ka hau mumbari. Ka dawo. Shirin wa'azi yana da nasa lokacin.

Mataki na huɗu: riƙe kalma ɗaya

Hankali ba ya zama hannu sake, dole a ba shi abin riƙewa. Shi ya sa tun daga hamada ake ba almajiri gajeriyar addu'a guda. Kasiyan ya rawaito cewa wani dattijo, Abba Ishaku, ya ba su ayar farko ta Zabura 70, inda mai zabura yake roƙon Allah ya cece shi, Ubangiji ya gaggauta taimakonsa. A Ikilisiyar Gabas abin da ya kafu shi ne Addu'ar Yesu: "Ya Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka yi mani jinƙai, ni mai zunubi." An haɗo ta daga kukan makaho Bartimawus a Markus 10:47 da na mai karɓar haraji a Luka 18:13. 'Yan zuhudun Dutsen Atos sukan riƙe igiyar ulu mai ƙulli 33 ko 50 ko 100 suna ja. Da aka tayar da gardama a kan hanyarsu a ƙarni na 14, wani ɗan zuhudu daga cikinsu, Giregori Palamas, ne ya tsaya masu, majalisun Ikilisiya a Kustantiniya kuma suka goyi bayansa a 1341 da 1351. A ƙarni na 14 ɗin dai, wani marubuci a Ingila da har yau ba a san sunansa ba ya ce kalma ɗaya gajeriya ta isa, kamar "Allah" ko "ƙauna". John Main, ɗan zuhudun da ya rasu a 1982, ya koyar da "Maranata", kalmar Aramaik da ke 1 Korintiyawa 16:22, ma'anarta Ubangijinmu ka zo.

Ka zaɓi ɗaya, ka daina canzawa. Mai haƙa rijiya da yake sauya wuri kowace safiya ramuka zai tara.

Hanyoyin amfani da kalmar biyu ne, kuma yana da kyau ka san bambancinsu. A ta farko, wato ta Addu'ar Yesu da ta John Main, kana maimaita kalmar a zuci a hankali daga farkon zama har ƙarshe, kana sauraronta. A ta biyu, wadda Keating ya koyar, ba ka maimaitawa kullum. Kana zaune ne kawai da niyyar amincewa da kasancewar Allah, sai in ka farga tunani ya ɗauke ka, ka taɓa kalmar a hankali ka dawo. A ganina mai hankali mai yawan tsalle-tsalle gara ya fara da ta farko, don tana da abin kamawa. Ta biyu ta fi dacewa da wanda ya riga ya saba da shiru.

Wani zai ce, ai Yesu ya hana maimaita kalmomi a Matiyu 6:7. Abin da ya hana shi ne surutun banza na masu zaton yawan magana ne zai sa a ji su. Shi da kansa a Getsamani ya koma ya yi addu'a karo na uku yana faɗin kalmomin nan dai, kamar yadda Matiyu 26:44 ya nuna. Kalmar ba laya ba ce, ba ta da wani ƙarfi a cikin sautinta. Juyowa ce zuwa ga wanda kake kira.

Mataki na biyar: abin da za ka yi da tunane-tunane

Nan ne aikin yake, nan ne kuma mutane suke karaya. Ka zauna, ka faɗi kalmarka sau uku, sai ka tsinci kanka kana lissafin bashi. Ka dawo. Sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Ka dawo. Sai wata waƙa da ka ji shekaran jiya ta kunno kai. Minti goma ya ƙare, kana ganin ko minti ɗaya cikakke ba ka yi ba. Sai ka ce wannan abu ba irin nawa ba ne.

Wani ɗan'uwa ya taɓa kai wa Abba Poyimen irin wannan kuka, ya ce tunane-tunane sun yi masa yawa. Dattijon ya fito da shi waje ya ce ya buɗe ƙirji ya kama iska. Ya ce ba zai iya ba. Dattijon ya ce haka ma ba zai iya hana tunani zuwa ba, nasa shi ne kada ya bi su. To, ba a ce ka share kanka ya zama fanko ba. Duk lokacin da ka farga ka yi nisa, ka koma ga kalmarka ba tare da tsaki ko zagin kai ba. Wannan komawar ita ce addu'ar. In ka ɓace sau ɗari ka dawo sau ɗari, sau ɗari ke nan ka zaɓi Allah a kan abin da ke janka, kuma da wannan maimaicin ne hankali yake koyon sabuwar ɗabi'a.

Abu uku ne ba a yi da tunani: ba a kokawa da shi, ba a bin sa, ba a tsayawa yi masa shari'a. Har tunani mai kyau ma. Wata kyakkyawar fahimta za ta zo, zuciya ta ce tashi ka rubuta kada ka manta. Bar ta. In ta gaske ce za ka same ta a ƙofa bayan ka gama.

Bayan 'yan makonni za ka lura ba tunani dubu ne suke damunka ba, ƙalilan ne suke sauya riga. Ebagiriyus, wanda ya zauna a Keliya ya rasu a 399, ya ƙirga guda takwas: zarin ci, sha'awar jiki, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasalar ruhu, son yabo, da girman kai. Kowa da nasa wanda ya fi ziyartarsa. Nawa fushi ne. A watannina na farko, akwai wani abokin aiki da ya gwale ni a gaban mutane, kuma kusan kowace safiya, da na rufe ido, sai ga ni a ɗakin taron ina mayar masa da martani. Kullum amsar tana ƙara kaifi, har na kai ina gyara jimlolinta. Wata rana da na farga zan koma ga kalmata, sai na ji haƙorana a datse, hannuna na dama a dunƙule kan cinya, babban yatsa ya shige ciki. Mutumin yana can yana barcinsa, ni ina nan ina dambe da shi tun asuba. Na buɗe hannun, na koma. Washegari ya sake zuwa, na sake buɗewa. Da ya sake yi mani irin wannan magana bayan wata biyu, ba zan ce na zama waliyyi ba, na mayar masa. Amma na ji maganar tana tasowa tun daga ciki kafin ta iso baki, kuma rabinta kawai na bari ta fita. Wannan ɗan taƙin da ya buɗe tsakanin abin da aka yi mani da abin da na yi, shi ne canjin farko da na gani da idona.

Kasalar ruhu kuwa ta cancanci a ce wani abu a kanta, don ita ce mai korar mutane daga hanya. Ebagiriyus ya kira ta aljanin tsakar rana. Ya ce takan sa rana ta zama kamar ba ta motsi, yini ya yi tsawo kamar awa hamsin, ɗan zuhudu ya yi ta leƙen taga yana duba ko lokaci ya yi. A wurinka za ta zo da murya mai hankali: wannan ɓata lokaci ne, da ka tashi ka yi wani abu mai amfani, ko ka nemi wata hanya da ta fi wannan. Maganinta shi ne wanda Abba Musa Baƙi, tsohon ɗan fashin da ya tuba ya zama babban dattijo a Sikitis, ya ba wani mai neman shawara: ka je ka zauna a ɗakinka, ɗakinka zai koya maka komai. Kada ka tashi sai agogo ya buga.

In barci ne yake ɗaukarka kullum, ba matsalar ruhaniya ba ce, barci ne bai ishe ka ba. Ka kwanta da wuri, ko ka yi zaman ido a buɗe.

Mataki na shida: tashi, da sauran yini

In lokaci ya cika kada ka zabura. Ka ɗan zauna minti ɗaya ko biyu, ka yi Addu'ar Ubangiji a hankali, sannan ka miƙe. Kada ka tsaya ba zaman maki, wai na yau ya yi kyau, na jiya bai yi ba. Ba ka da ma'aunin.

Sai ka ɗauki kalmarka ka fita da ita. Abin da 1 Tasalonikawa 5:17 ke nufi da yin addu'a ba fasawa ke nan a fahimtar waɗannan dattawa. Ɗan'uwa Lawrence, wanda ya shafe shekaru yana aikin girki a gidan 'yan zuhudun Karmel a Faris ya rasu a 1691, an san shi da cewa lokacin hayaniyar tukwane da lokacin durƙuso duk ɗaya ne a wurinsa. Ka ɗaura kalmar a kan abubuwan da kake yi dole: wanke hannu, jiran layi, kafin ka ɗaga waya, kafin ka buɗe baki in an ɓata maka rai.

Da dare, minti biyar na binciken zuciya irin wanda Ignatiyus na Loyola, wani fada ɗan Sifen, ya tsara. Ka gode don abin da ka samu yau, ka roƙi haske, ka bi yinin sa'a-sa'a kana duba inda ka kusanci Allah da inda ka kauce, ka nemi gafara, ka ƙudura abu ɗaya na gobe. Zaman safe yana kwantar da laka, na dare yana nuna maka abin da ke motsa ta.

In rijiya ta ƙafe

Watannin farko sukan zo da ɗan daɗi, wani lokaci har da hawaye. Daga baya sai komai ya bushe. Tereza ta Abila, 'yar zuhudu a Sifen wadda ta rayu daga 1515 zuwa 1582, ta kwatanta addu'a da ban-ruwan lambu ta hanya huɗu: jan guga daga rijiya, keken ɗebo ruwa, rafi mai bi ta cikin lambun, sai ruwan sama. Mai farawa mai guga ne, kuma ta ce wani lokaci zai zura guga ya jawo shi wayam. Ita kanta ta yi kusan shekara ashirin tana fama, ta kuma faɗa da bakinta cewa akwai shekarun da hankalinta ya fi karkata ga jiran agogo ya buga a tashi.

Yohanna na Gicciye, abokin aikinta, wanda 'yan'uwansa 'yan zuhudu suka kulle a wani ƙuntataccen ɗaki a Toledo kusan wata tara daga ƙarshen 1577, shi ya kira wannan hali dare mai duhu. A fahimtarsa Allah yana yaye mutum ne daga son daɗin addu'a zuwa son Allah kansa. Ya ba da alamu uku da ake gane shi: ba ka jin daɗin abubuwan ibada, amma abubuwan duniya ma ba su gamsar da kai, zuciyarka tana yawan komawa ga Allah da damuwar ko ka ja baya, kuma ka kasa yin bimbini da tunani kamar dā ko ka yi ƙoƙari. In ukun sun haɗu, shawararsa ita ce ka daina tilasta wa kanka tunani, ka zauna cikin sauƙi da kulawa ta ƙauna. In kuwa bushewar ta zo ne don ka yi sakaci, ko kana riƙe da wani zunubi da ka sani, ruwa ba ya tsami banza, gyara za ka yi.

Shi kansa ya bambanta wannan dare da ciwon baƙin ciki. In ka daina cin abinci, barci ya ƙaurace maka, ka kasa aikinka, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, wannan maganar likita ce, ka je da wuri. Haka wanda shiru yake tono masa wani mummunan abu da ya taɓa faruwa da shi har jiki ya riƙa rawa: ya rage zaman, ya buɗe ido, ya koma karatun Zabura da murya, ya nemi ƙwararre.

Yadda za ka san kana tafiya

Labarin zuciya a tambayi fuska. Tereza ta ce ba za mu iya tabbatarwa ko muna ƙaunar Allah ba, amma ƙaunar maƙwabci ana ganinta. Ma'aunin shi ne na Galatiyawa 5:22-23, wato ƙauna, salama, haƙuri, kirki, tawali'u, kamun kai da sauransu, kuma matarka ko mijinki ko abokin zamanka sun fi ka sanin amsar. An taɓa kiran Abba Musa ya zo a yanke wa wani ɗan'uwa hukunci. Ya zo da kwando mai yoyo cike da yashi a bayansa, ya ce zunubansa suna zuba a bayansa bai gani ba, ga shi ya zo yi wa wani shari'a. Aka watse ba a yi hukuncin ba. In zaman shiru yana sa ka fara ganin sauran masu bi a matsayin 'yan firamare masu surutu a addu'a, baya kake ci.

Ɗumi a ƙirji, haske a ido, jin kamar jiki ya yi sauƙi, muryoyi, mafarkai: kada ka neme su, kada ka gina komai a kansu. Yohanna na Gicciye ya ce a bar su su wuce. Wata wasiƙa da Fadar Batikan ta fitar a 1989 a kan bimbinin Kirista ta yi kashedi a kan ɗaukar irin waɗannan motsin jiki a matsayin ta'aziyyar Ruhu Mai Tsarki. Dabarun sarrafa numfashi da wasu 'yan zuhudun Gabas suke haɗawa da Addu'ar Yesu ma, malamansu sun ce ba a yin su sai a ƙarƙashin jagora.

Don haka ka nemi wanda ya riga ka a hanya, fasto ne ko fada ko wata dattijuwa mai addu'a, ka riƙa gaya masa gaskiyar abin da ke faruwa sau ɗaya a wata. Kada ka bar sujada tare da jama'a ko Jibin Ubangiji don ka sami ɗaki, 'yan hamada ma sukan taru Asabar da Lahadi. In kuma tafiya ko rashin lafiya ko sakaci ya sa ka yi mako biyu ba ka zauna ba, kada ka ce za ka rama da awa guda. Gobe da asuba ka koma kusurwar nan, ka sa agogo minti goma, ka buɗe Zabura inda ka tsaya.